Abin da Na Yi wa Mutanen Sabo

Port Richmond, Staten Island

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya tsare ki a hanyar Filadelfiya da bayan kin sauka, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari da mai gidan haya mai tsoron Allah, in akwai irinsa a ƙasar nan. Ya raba ki da sharrin masu ɗaure fuska da na masu murmushi. Amin.

Gida ɗaya muke, ɗakinki yana saman nawa, ina jin takunki, amma ga shi na rubuto. Dalili kuwa, idan na yi miki magana da Hausa kika amsa da Turanci, kafin in gama juya amsar a kaina kin riga kin haye bene. A takarda ba za ki katse ni ba. Inda ya gagare ki karantawa ki kai wa Ummanki, babu abin da ke ciki da ba ta sani ba.

Ita ce ta gaya mini abin da kika tambaya. Ta ce Sabo mai sassaƙa zai mayar wa mai shi garejin da kuke aiki a Tompkinsville a ƙarshen wata, ɗakin da kika samu a Filadelfiya kuma da ƙyar zai ɗauki gado da akwati, don haka kina so ki bar sassaƙe-sassaƙenki a ɗakin ƙasa na gidan nan har ki zauna da gindinki. Ita kika tambaya, alhali kin san mukullin yana aljihuna. Ban yi fushi ba. Ummanki ta ce, "Malam, yarinyar nan ƙofa ta buɗe maka, kada ka tsaya dogon bayani, ka ce to kawai." Zan ba ki amsa, amma sai kin ji abin da ya hana ni ba da ita nan take. Kin san abin da ya faru a ɗakin nan, da idonki kika gani kina 'yar sha huɗu. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda mutum mai salla a kan lokaci, wanda bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, yake kaiwa ga haka.

Sunansa Eusebio, mu ne muka gajarce shi ya koma Sabo, shi ma sai da aka daɗe. Da fari "amigo" nake ce masa, wato aboki da yarensu, kamar yadda nake ce wa kowane mutumin Meziko da ke tsaye a kusurwar titi da sassafe yana jiran mai ɗaukar lebura. Ya yi wankin kwanuka, ya yi yankan ciyawa, daga baya ya koma rufin gidaje. Ba wanda ya taɓa koya masa riƙe buroshi. Fentinsa ragowar da ake bari a gindin gwangwani ne in an gama aikin gida, katakonsa na gidajen da aka rushe, kayan sassaƙarsa tsofaffin sukundireba da ya wasa a kan dutsen bakin titi. Shi ya zana doya da galan ɗin manja da ke jikin motata, har yau in na je ɗaukar kaya a unguwar Jamaica sai wani ya tambaye ni wa ya yi.

Ranar da na fara shiga ɗakinsa, a ƙarƙashin shagon wanki, sai da na ja da baya na ce a'uzu billahi. Mutane ne a tsaye jingim, na katako, kowanne tsawon yaro ɗan shekara goma, duk sun zuba mini ido. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya shiga gabatar mini da su ɗaya bayan ɗaya kamar a gidan biki: wannan mai gasa burodin ƙauyensu ne, wannan ungozoma ce mai ɗingishi, wannan mai busa ƙaho ne a wurin jana'iza. Ta ƙarshe tsohuwa ce da mayafi, riƙe da kwandon masara, ya dafa kafaɗarta ya ce, "Mamata." Ba shi da takardu, in ya tafi gida ba dawowa, kuma gidansu ba gidan ɗaukar hoto ba ne. Da ɗan Turancinsa da ɗan nawa ya ce mini, "Kowace shekara sai wata fuska ta fice daga kaina. Shi ya sa nake sauri." Jiki yakan gama shi cikin 'yan kwanaki, fuska kuwa sai ta ci masa lokacin sanyi guda.

Na gyaɗa kai na ce ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai, idona yana kan ƙofa. A zuciyata cewa nake aikin wanda ba shi da iyali ne, mai iyali ina ya ga lokacin yi wa katako gira. Na kalla amma ban gani ba, kuma da na gani ranar, da abin da ya biyo baya bai faru ba. Uwata, za ki haɗu da irina da yawa. Wanda ya yi saurin cewa aikinki ya yi kyau, ki yi masa godiya ki wuce, bai duba ba. Wanda ya tsaya ya yi shiru, ko ya ce miki hancin nan ya karkace, shi za ki ba kujera ki dafa masa shayi.

Shekarar da guguwa ta cika tsibirin nan da ruwa, aikin rufi ya yi yawa, ana kiransu ko'ina, ba igiyar tsaro ba komai. A kan wani gida ya zame ya faɗo, ƙugunsa ya karye. Yana asibiti mai gidan hayarsa ya ce a kwashe "tarkacen nan" ko ya zubar. Ɗan'uwansa ya zo mini a guje don ni ne mai babbar mota. Ban tsaya a dako ba, na bugi ƙirji na ce a kawo su gidana. Ummanki ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka yi tunani kuwa? A ɗakin nan fa ake taron ƙungiya." Na ce, "Mutum yana kwance a asibiti ki ce in yi tunani?" Na ji daɗin yadda maganar ta fito daga bakina, har na so a ce akwai ƙarin masu sauraro. Muka jera su a jikin bango, na lulluɓe su da tamfol.

Ba don Sabo na karɓi ajiyar nan ba, don a ce Sani mutumin kirki ne. Ki kiyayi mai karɓar amana da sauri. Kafin ki bar wa mutum abin da ba ki da na biyunsa, kada ki tambayi ko yana ƙaunarki, wannan ba ya wadatarwa. Ki tambayi su wa ke shiga gidansa, kuma wa yake jin kunya. Ke ma in an kawo miki abin da kika san ba za ki iya riƙewa ba, ki ce a'a tun a bakin ƙofa. Za a ji haushinki na yini ɗaya, a nemi wani wurin.

Sun yi watanni a nan ƙasa, ina salla a samansu, ina cin abinci a samansu, ko a jikina. Sai ranar da taron ya zagayo gidana. Kin san Alhaji Tanko, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan nan, mutumin Kumasi, wanda ya riga kowa zuwa ƙasar nan, shi ya samo wa rabinmu aiki, har da ni. Yana neman ƙarin kujera ya ɗaga tamfol. Ya yi tsalle da baya kamar ya taka wuta, ya ce, "Ei, Sani! Mi ke nan? Gunki ka tara cikin gida, kana so mu yi salla shi na bayanmu? Matanka ya sani?" Na fara bayani, na maƙwabcina ne, yana asibiti, ajiya ce. Ba wanda ya saurara. La'asar ɗin ranar a bakin titi aka yi ta, a kan kwalaye, cikin sanyi, masu wucewa suna kallo, ni kuma ina sahun baya ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Ba a yi mako ba Yaya ya kira ni daga Kano. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "An ce ka fara ajiye gumaka a Amurka. Abin da ka je yi ke nan?" Mutanen da ba su san launin ƙofata ba sun san abin da ke ɗakin ƙasana. A masallaci gaisuwa ta gajarce. Masu shago biyu suka ce sun samu wani mai dako. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni, da na samu abin yin fushi a kai.

A shagon Alhaji, wajen shan shayi, wani direban tasi mai yawan sauraron wa'azi a mota ya ce ai abin da sauƙi, ya ji an ce mutum-mutumi in ba shi da kai ya zama gungume kawai, ba laifi a ajiye shi. Na cafke maganar nan hannu bibbiyu. Limaminmu yana nan, ƙofarsa a buɗe, ban je ba, don na san abin da zai ce: kayan mutum ne, ka nemi 'yan'uwansa ka mayar, ko ka samo musu wani wuri. Daga baya da na je, haka ɗin ya ce, ya ƙara da kallon da har yau ba na son tunawa. Da na iya kiran ɗan'uwan Sabo, da na iya kai su cocinsu, amma yin haka yana nufin in ce na kasa. Ni kuwa ina so a kira ni mai amana a wurin mutanen Meziko, a kira ni mai addini a wurin namu, duka a lokaci guda, ba tare da na rasa ko ɗaya ba. Idan kika ga kina tsallake wanda ya sani kina neman wanda zai gaya miki abin da kike so, ki tsaya, kin riga kin yanke hukunci, shaida kawai kike nema.

Ranar Lahadi da hantsi, kuna islamiyya ke da Ummanki, na sauka. Ba ni da zarto, sai na buɗe jakar kayan aikinsa na ɗauki nasa. Kada ki zaci da fushi na yi. A natse na yi, har da ja layi da fensir a kan kowane wuya don ya fita daidai, ina gaya wa kaina ai in ya warke sai ya sa gam ya mayar, me ya yi zafi. Mai burodi bai ba ni wahala ba. Mai ƙaho sai da na yanke har da hannunsa ɗaya, don ƙahon ya haɗa baki da yatsu. Tsohuwar ce ta ƙi. Katakonta mai tauri ne, mayafin ya sauko ya haɗe da kafaɗa, zarton ya riƙa maƙalewa, kuma tana kallona. Na juya fuskarta ga bango na ƙarasa. Na zuba kawunan a buhunan shinkafa, na share garin katakon tsaf, na yi alwala na yi azahar.

Da na tsaya a nan, da gam ɗin ya yi wani amfani. Amma na kira Alhaji ya zo ya gani, don abin da aka yi saboda idon mutane dole a nuna musu. Ya duba ya gyaɗa kai, sannan ya nuna buhunan da sandarsa ya ce, "To wannan fa? Kai ɗin ai shi ne matsalan." Ranar kwashe shara na fitar da su bakin titi tare da sauran bola. Ina karyawa na ji motar ta tsaya, na ji ƙarar injin da ke matse kaya, ban ajiye kofin shayina ba.

Ke kika fara gani. Ashe kullum kina sauka a ɓoye kina ɗaga tamfol kina kwaikwayon fuskokin a littafinki, ban sani ba. Kika hauro fuskarki ta yi fari, kika tsaya a gabana, kuma ranar ba da Turanci kika yi magana ba. Kika ce, "Baba, me suka yi maka?" Na daka miki tsawa na ce yaro ba ya sa baki a maganar manya. Tun daga ranar ba ki sake nuna mini ko da zanen kaza ba, ni kuma ban tambaya ba.

Abin da ba ki sani ba, na ci gaba da zuwa asibiti. Ummanki ta dafa shinkafa da miya in kai masa, in zauna a bakin gadonsa, ya ce, "Yaya mutanena?" in ce, "Suna lafiya." Ya ce in nisanta su da tukunyar ɗumama gida, zafi yana tsaga fuska. Na ce to. Ya riƙe hannuna ya ce ni ɗan'uwansa ne. Kowane zuwa nakan shirya faɗa masa a cikin mota, in isa bakin gadon in ce bari ya ƙara jin sauƙi. Sauƙin kaina nake jira. In kin ɓata wa mutum abu, ki gaya masa da bakinki ranar da kika ɓata. Duk kwanan da kika ƙara, sabon laifi ne kika ɗora a kan tsohon, kuma shi zai tuna kowane murmushin da kika yi masa a tsakani.

Da aka sallame shi ya zo da sanda, ya sauka matakalar nan ɗaya-ɗaya, yana kiran sunayensu tun daga sama kamar mai dawowa daga tafiya. Ni na ɗaga tamfol ɗin. Na shirya wa ihu, na shirya wa duka, har na fi son dukan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya shafa wuyan tsohuwar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Ina kawunan?" Na gaya masa. Na fara kawo maganar addini, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Da ka kira ni. Ina da waya." Ya zauna a kan matakala, sannan ya ce in taimaka masa mu loda su. Ni na kai su bayan gidan ɗan'uwansa.

A can suka yi ta tsayuwa ƙarƙashin rumfa, har wata Baturiya mai yawo unguwa-unguwa tana neman masu fasahar da ba su yi makaranta ba ta hango su ta saman shinge. Tana da ɗakin baje zane a Manhattan. Ta ga mutane a jere ba kawuna, ta dafe ƙirji. Ita da mutanenta, a wurinsu wai ga baƙon da ya nuna yadda ƙasar nan ke amfani da jikin lebura ta jefar da fuskarsa. Suka yi ta rubuce-rubuce a kai, masu gilashi suka zo suka tsaya suna gyaɗa kai gaban aikin da na yi da zarto. Ba wanda ya tambaye shi, shi kuma Turancinsa bai kai na gardama ba, ƙugunsa bai kai na hawa rufi ba, kuma dole ya ci abinci. Aka saye su kaf, har da tsohuwar. Yanzu tana tsaye a falon wani da bai san tana da ɗa ba.

Suka ce ya kawo wasu. Ya sassaƙa sababbi da kawunansu, fuskokin da suka fi na dā kyau, ya kai. Matar ta ce a'a, kai yana rage wa aikin ƙarfi, masu saye marasa kai suke so. Ke kika gaya wa Ummanki, ita ta gaya mini, cewa hannunsa bai iya fara jiki ba sai ya fara da fuska, don haka yakan sassaƙa mutum cikakke, ya gama ido da baki, sannan ya ɗauki zarto da kansa. Inda yake kai kawunan ban sani ba, ba ni da bakin tambaya.

Ga wanda ya fi duka muni, kuma ko Ummanki sai bara na iya gaya mata. Ranar buɗe bajen farko na je. Na sa babbar riga, na hau jirgin ruwa, na shiga cikin Turawan nan ina kallon yadda suke zagaye shi suna ɗaukar hoto, sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Har wani ɗan alfahari na ji, Allah Ya yafe mini. Na matsa kusa da shi na ce, "Sabo, ka ga ikon Allah? Ashe alheri ne." Ya dube ni kamar yadda ake duban mai tabin hankali. Ya ce, "Sani, mamata ta rasu a watan jiya. Ban je ba. Na zauna in sake yin fuskarta, na yi, na sake, kowace sai ta fito da fuskar wata. Waccan ita kaɗai ce hotonta da nake da shi." Sannan ya nuna mini tebur ya ce, "Je ka ci cuku, kyauta ne." Na fita na tsaya a bakin titi da babbar rigata, ban san ta inda ake komawa tashar jirgin ba.

Kada ki taɓa gaya wa wanda kika cuta cewa cutar ta zame masa alheri. Ko da ta zama, ba a bakinki ya kamata a ji ba.

Su kuma masu sayen nan, da za ki shiga hannunsu gobe, ki san su tun yanzu. Ciwo suke so, ba mai ciwon ba. Za su ga ɗankwalinki idonsu ya yi haske. Za su zaunar da ke su ba ki kofi su ce ki ba su labarin yarinya Musulma da ubanta ya hana ta sassaƙa ta gudu ta tsira. Abin haushin shi ne rabin labarin gaskiya ne, ni na ba ki shi. Ba don mutuncina nake cewa kada ki sayar musu ba, mutuncin da na saya da kawunan mutanen Sabo bai cancanci a tsare shi ba. Don kanki nake faɗa. In suka sayi wannan labarin sau ɗaya, shi za su riƙa nema a wurinki har ki tsufa, ranar da kika sassaƙa abin da ranki ke so su ce ya rage ƙarfi. Sabo ya yi 'yan shekaru ana yayinsa, ya samu garejin nan, ya daina kwana kusa da injin wanki. Daga nan yayi ya wuce, matar ta daina ɗaukar wayarsa, ta samo wani baƙon mai sabon ciwo. Yanzu ga shi zai koma ƙauyen da ya manta fuskokin mutanensa, da sanda, kuma in ya fita ba za a sake barinsa ya shigo ba.

Na san kina zuwa garejinsa tun kina sakandare, kina ce mini laburare. Na yi kamar ban sani ba, don hanawa tana bukatar in ambaci sunansa. Ummanki ta ce duk shekarun nan bai taɓa faɗa miki mummunar kalma a kaina ba. Ban ɗauki wannan a matsayin yafiya ba, na ɗauka bai ga abin da ya rage a faɗa ba. Ki je ki yi masa sallama da kyau kafin ya tafi, ki durƙusa masa kamar yadda kike yi wa kawunnanki. Ki bar shi ya kalli fuskarki iya son ransa, ya fi ni sanin abin da ake yi da ita.

Game da addini, ba zan yi miki ƙarya ba, har yau raina bai kwanta da wannan sana'a ba. Ni ba malami ba ne, kuma kin ga abin da ya faru ranar da na mayar da kaina malami. Ki riƙe sallarki, ki nemi masu ilimi na gaskiya ki tambaye su, har da waɗanda kika san amsarsu ba za ta yi miki daɗi ba, abin da kika yanke ya zama tsakaninki da Ubangijinki. Abu ɗaya kawai na tabbatar: abin da na yi a ɗakin ƙasa ba don Allah na yi ba. Da don Shi ne, da tun daren farko na kasa barci, ba sai da Alhaji ya ɗaga tamfol ba. Kada ki ɗora wa addininki laifin tsoron ubanki.

To, ga amsarki. Tun da Ummanki ta gaya mini nake jin daɗi kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Na sauka na share ɗakin, na gyara ƙwan fitila, har na auna nisan bango da tukunyar ɗumama gida. Na ce wa kaina shekaru sun wuce, na tsufa, na yi hankali, yanzu ko duk ƙungiya ta taru ba mai sa ni taɓa kayan 'yata. Ina so in ce miki to fiye da yadda na taɓa son wani abu a ƙasar nan, don na san abin da kike miƙo mini ba katako ba ne.

Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci muna neman takalma, Alhaji Tanko ya dafa ni ya ce, "Na ji ɗiyanka zai tafi Filadelfiya. Wane aiki ya samu?" Mutane huɗu ko biyar suna tsaye suna saurare. Kafin in yi tunani na ji bakina yana cewa, "Kafinta ce, Alhaji. Kujeru da tebura." Ya ce masha Allah, sana'a mai albarka. Na ce amin. Na zo na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba.

Don haka a'a, Uwata. Kada ki bar su a gidan nan. Taron ƙungiya zai zagayo bayan azumi, tamfol ɗin yana nan, Alhaji yana nan, kuma mutumin da ya ce kafinta ce shi ne mai mukullin. Ina ƙaunarki fiye da yadda na ƙaunaci Sabo nesa ba kusa ba, amma na gwada ƙaunata da kunyar mutane a kan sikeli ɗaya, na ga wadda ta rinjaya, ranar Juma'a ma na sake gani. Ki nemi wuri a hannun baƙi, mai ƙofar ƙarfe, wanda mukullinsa ɗaya ne kuma yana wuyanki. Duk inda kika samu zan kai miki su da motata, ko Filadelfiyar ce. Amma ki zauna a baya tare da su.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki sauka a sa'a, Ya tsare hannunki da idonki da imaninki. Ya tsare ki daga masu saye da masu yabo, Ya tsare aikinki daga duk wanda zai ɓata shi, na waje da na gida. Ummanki tana sa miki albarka, ni ma ina sa miki, in za ki karɓa.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Sani